Ɓawon dodon koɗi: a zubar ko a tara?

Tambaya: Malam, ina kiwon dodon koɗi, kuma bayan an cire nama ɓawon yana taruwa tsibi guda. Yana da wani amfani ne, ko in kwashe in zubar?

Amsa: Kada ki zubar, Malama. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɓawon nan sinadarin kalsiyam kabonet ne, wanda kaza ke gina ɓawon ƙwai da shi, don haka masu kiwon kajin ƙwai su ne kasuwarki ta farko.

Ki fara wanke shi, ki tsane guntun naman da ya maƙale a ciki, ki tafasa kamar minti 20, sannan ki shanya har ya bushe ƙayau. Wanda ya tsallake tafasawa zai ga wari da ƙudaje, kuma yana iya sa wa kaji ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Wajen daka kuwa, kada ya zama gari. A bar shi tsaki-tsaki, girman milimita 2 zuwa 4, domin irin wannan ne ke daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare, lokacin da kaza ke haɗa ɓawon ƙwai. Kaza mai ƙwai na buƙatar kusan giram 4 na kalsiyam a rana, wato kusan giram 10 na ɓawo, ko kilo 8 zuwa 9 a cikin kilo 100 na abinci. Wannan ma'auni bai dace da 'yan tsaki ba, yana lalata musu ƙoda. Ɓawon kuma ba shi da fosfaras na kirki, saboda haka ba ya maye gurbin garin ƙashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙona shi don ya yi sauƙin daka. In zafi ya haura digiri 800 sai ya rikiɗe ya zama farar ƙasa mai ƙuna, wadda ta dace da shafe bango amma tana ƙone bakin tsuntsu. Garin da ya faɗo daga rariya kuwa a kai gona, yana rage tsamin ƙasa, sai dai a auna ƙasar tukuna.

Dangin dodon koɗi na teku ma sun daɗe suna yi wa mutane aiki. Wuri, wato kuɗin da, ɓawon wani nau'i ne da ake kwasowa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya, ya yi ƙarnuka ana ciniki da shi a Afirka ta Yamma. Mutanen birnin Taya na da can, a ƙasar Lebanon ta yanzu, suna fitar da rinin shunayya na tufafin sarakuna daga wani nau'in, kuma a 2004 Amurka ta amince da Prialt, maganin matsanancin ciwo da aka samo daga dafin wani dodon koɗin teku. Yauƙin na tudu ana sa shi a man shafawa, amma tace shi sai da kayan aiki masu tsafta, don haka ki fara da ɓawon.