Amsa: makaroni da cuku, da batun "cikawa"

'Yar'uwa, kin tambaya ko "cikawa" a girkin makaroni da cuku na nufin a cusa cuku cikin ramin makaroni. A'a, miyar cukun ce ke shiga ramin da kanta. Taliyar da ake cusa wa haɗi daban take, irin su ravioli. In kuwa kwanon gashi aka ce a cika, kada ki kai shi baki, zai tafaso ya zube.

Don haɗa miyar, ki narkar da bota giram 30, ki juya fulawa giram 30 a ciki minti 2, sannan madara rabin lita kaɗan-kaɗan. Sauke tukunyar kafin ki zuba gurzajjen cuku giram 200, domin zafi mai yawa ke sa ya yi gudaje ya saki mai. Makaroni giram 250 kuma, ki dafa shi, ki tsame shi kafin ya gama nuna, ki haɗa da miyar a kwanon gashi, tanda za ta ƙarasa.