Amsa kan yaro mai galahanga da ke firgita a taro

Assalamu alaikum jama'ar zauren nan. Yaya, na saurari muryarki: yaronki mai galahanga (wato autism, larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), ɗan shekara 13, ranar kasuwa ko in ana biki sai ya toshe kunne yana cizon hannunsa, maƙwabta wasu na cewa iska ce, wasu sangarta.

Yaya, fargaba ce. Cikin yara 10 masu galahanga, kusan 4 na fama da ita. Da yawansu baki ba ya iya faɗa, jiki ke nunawa: tafin hannu ya jiƙe da zufa, ciki ya murɗa, barci ya ƙaurace, tambaya ɗaya ya maimaita ta sau ashirin. Ƙarar injin niƙa da lasifikar biki da mu muka saba da su, shi a kunnensa ciwo ne.

Amma fara duba haƙori, kunne da bayan gida, don ciwon da ya kasa faɗa ma yana kawo haka. Sannan sati 2 ki riƙa lura: ƙarfe nawa abin ya tashi, me ya faru gabaninsa.

In za a fita, ki gaya masa tun daren jiya, da kalmomi kaɗan: "Gobe kasuwa, mu sayi gishiri, mu dawo." Kuma ki cika, kar a ƙara ko rumfa ɗaya. Ki fara da bakin kasuwa da sassafe, minti 5, wani satin minti 10. Inda ake kuskure shi ne a tura shi tsakiyar cunkoso wai ya saba, ko a kulle shi a gida gaba ɗaya. Duka biyun ƙara tsoron suke.

In ya riga ya birkice, a daina tambayarsa, a sallami 'yan kallo, a kai shi ɗaki mai shiru. Don Allah ban da duka, ban da mari a ƙafa. Addu'a a yi ta, amma a hankali. Hayaƙin turare da ɗaga murya a kansa firgita shi suke. Kar a sayo maganin barci a kemis.

In yana ji wa kansa rauni, ko yana sandarewa ido ya kafe, wannan sai likita, don farfaɗiya takan zo tare da galahanga. Ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Kazaure a Jigawa, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki ɗauki bidiyon abin a waya ki nuna wa likitan.