Gulutamet ɗaya, makarɓansa da yawa: me ke faruwa a ƙaramar ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar likitanci ce a nan Damagaram. An koya mana cewa gulutamet guda ne, amma masu karɓarsa a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya iri-iri ne: AMPA, NMDA, mGluR1. Na haddace sunayen, amma ban ga amfanin yawansu ba. Kuma wai shi ne farin magin da muke sa wa miya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Ta miya ta fi sauƙi. Sinadarin ɗaya ne, sai dai na tukunya da ƙyar yake tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata.

Gulutamet ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin jijiya, kalmarsa guda: "tashi". Abin da zai biyo baya ya danganta da ƙofar da ya ƙwanƙwasa. AMPA ƙofa ce mai saurin buɗewa: sodiyam ya kutsa, ƙwayar jijiya ta zabura, kafin ƙiftawar ido an rufe. NMDA kuwa maganiziyam ne ya toshe bakinta, ba ta sakin hanya sai ƙwayar ta riga ta motsa, sannan kalsiyam ya shiga. Za ki same ta sosai a kan ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin nan masu kama da tsaki, waɗanda yawansu ya sa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ɗauke fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar kai gaba ɗaya.

Inda nake so ki tsaya shi ne ƙwayar Purkinje, babbar ƙwayar jijiya mai rassa da yawa a ƙaramar ƙwaƙwalwa, sashen da ke daidaita motsin jiki, wadda aka fara bayyanawa a 1837. Zaruruwa sama da 100,000 daga ƴan tsakin nan suna ratsa rassanta, kowane da ɗan raɗansa ta AMPA. Ga kuma zare ɗaya tak da ke nannaɗe ta kamar yaɗon ƙwarya a jikin danga, in ya yi magana duk ƙwayar sai ta girgiza. Shi ne mai kawo labarin kuskure.

Ki tuna yarinya mai koyon lugude, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta kasa cafewa. A wannan lokacin zare mai naɗo ya yi tsawa, kalsiyam ya cika rassan. A mahaɗar zaruruwan da suka yi aiki a daidai lokacin, gulutamet ya riga ya taɓa mGluR1. Shi wannan ba ya buɗe wa kowa hanya, saƙo yake turawa cikin gida a hankali. Da alamun biyu suka haɗu, sai ƙwayar ta janye wasu AMPA daga waɗannan mahaɗai zuwa ciki. Gobe raɗan da ya jawo kuskuren ya yi rauni, hannu ya gyaru. Masao Ito na Japan da abokan aikinsa ne suka nuna wannan raunanawa a 1982. Har yau masana na gardama kan ko ita kaɗai ce hanyar koyon motsi. A ganina babba ce, amma tana da abokan aiki.

Akwai wani makarɓi da ke rikita ɗalibai a jarrabawa, GluD2. Ƙirarsa ta dangin AMPA da NMDA ce, amma gulutamet ba ya kama shi. Aikinsa ɗaure zaruruwan ƴan tsakin nan da ƙwayar Purkinje don mahaɗar ta zauna.

A asibiti ma batun yana fitowa. Ɓerayen da aka cire wa mGluR1 a 1994 sun riƙa tafiya suna tangaɗi. An kuma ga masu cutar dajin Hodgkin da garkuwar jikinsu ta far wa wannan makarɓi, suka kasa tafiya daidai alhali ƙarfin ƙafafunsu na nan. In kin ga majinyaci yana tafiya da ƙafafu a wawware, ki sa ya taɓa hancinsa da yatsa, ki lura ko hannun na rawa yayin da ya kusa isa, don hakan kan nuna matsala a ƙaramar ƙwaƙwalwa.