Jakar da ba za ta rabu da kai ba

Jiya muna rufe shagonmu na gyaran waya ka tare ni da tambaya. Ka ce, "Maigida, tunda tikitin nan mai araha ne, kuma zan daɗe a hanya kafin in isa Chaina, me zan zuba a ƙaramar jaka ko da wani abu zai faru?" Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. To ga ta a rubuce. Ka karanta tun yanzu da sauran sati biyu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗana, fara sanin abin da ka saya. Jirgin da mai tikitin araha zai hau shi mai tsada zai hau, bambancin yana wajen lokaci, da kuma wanda zai ɗauki nauyinka idan lissafi ya rikice. Naka zai sauke ka a Adis Ababa, ka yi dogon zaman jira, sannan ka kama zango na biyu, wajen awa 10 a sama, zuwa Guangzhou. Ka koma wurin wanda ya yankar maka tikitin ka tambaye shi abu biyu. Zangon biyun nan a tikiti ɗaya suke? Idan ɗaya ne, jirgin farko ya makara, haƙƙin kamfani ne ya sa ka a wani. Idan daban-daban aka yanka don a rage kuɗi, ranar da ka rasa na biyu kai da aljihunka ne. Sai kuma masauki: kamfanin jirgin Habasha kan ba da ɗakin kwana ga wasu fasinjojin da jiransu ya kai awa 8 zuwa 24, ka ji ko naka tikitin yana ciki. Amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka ko a gado za ka kwana ko a kan kujerar ƙarfe.

Ni dai ƙa'idata guda ce tun tafiyata ta farko. Duk akwatin da ya hau sikeli ya shige ciki, ka ɗauka kun rabu har kwana huɗu. A waccan tafiyar haka aka yi mini. An bar akwatina a wani filin jirgi na kan hanya, na sauka da rigar jikina kawai, caja tana cikin akwatin, adireshin masaukina yana cikin wayar da ta mutu, ga shi ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Na fi awa uku a tsaye kafin Allah ya haɗa ni da wani ɗan Nijar da ya ji ina salati da Hausa a bakina ya matso. Ba na so ka ɗanɗani wannan tsayuwar. Saboda haka jakar goyonka za ka shirya kamar ita kaɗai ka mallaka, kuma kada ta wuce kilo 7, don shi ne awon da yawancin jirage ke yarda a shiga da shi.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne waya. Ni da kai mun fi kowa saninta. Kullum ana kawo mana wadda jiya lafiyarta ƙalau, yau ta ƙi kawo wuta, mai ita yana rantsuwa ko faɗuwa ba ta yi ba. Wanda ya ga haka sau ɗari bai kamata ya zuba dukan tafiyarsa a cikinta ba. Ga kuma wata matsalar: da ka hau intanet ɗin Chaina, WhatsApp ba ya aiki, Google da Gmail da Facebook ma haka. Takardar da ka adana a imel ɗinka tana nan, amma hannunka ba zai kai gare ta ba. Ka buɗe WeChat, manhajar hira da kira da ake amfani da ita a Chaina, tun kana Kano, ka sa ni da mutumin da zai tarbe ka a ciki, ka gwada kira mu ji yana tafiya.

Sauran kuwa a takarda. Kwafin shafin fasfo mai hotonka, kwafin biza, takardar gayyata, shaidar kama ɗaki, tikitin dawowa, kowanne biyu-biyu, ka sa a ledar da ruwa ba ya shiga. Saiti ɗaya a jaka, ɗaya ka bar mini a shago. Adireshin masaukin ka sa a buga maka shi da rubutun Chaina, manya-manya, don direban tasi ba zai karanta bokonmu ba. Lambata, ta mahaifinka da ta mai tarbarka ka rubuta su da biro a ɗan littafi, ka ƙara da 110 na 'yan sanda da 120 na motar asibiti. Ka haɗa da ƙananan hotuna huɗu. Idan, Allah ya kiyaye, fasfo ya ɓace, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Guangzhou ɗin, su ke ba da takardar gaggawa ta komawa gida, kuma mai kwafi da hotuna a hannu ya fi saurin fita daga wannan wahalar. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, ka maƙala shi cikin fasfo.

Shi fasfon kansa ba a jaka zai zauna ba. A jikinka, cikin ɗan zabira ƙarƙashin riga. Can ko tikitin jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, inda kasuwar kayan waya ta Huaqiangbei take, ba za ka yanka ba sai da shi, kuma ɗan sanda yana da ikon ya tsayar da baƙo ya nema.

Kuɗi ka raba su uku: na saro kaya a jikinka tare da fasfo, na ɓatarwa a aljihu, sai dala 200 ko makamancin haka da za ka ɓoye a wani lungu na jakar ka manta da su. Waɗannan ba na sayen sukirin ɗin waya ba ne komai arahar da ka gani, na kwana biyu ne a masauki idan jirgi ya ƙi tashi. Kuma yana ƙi. A watan Satumban 2018 mahaukaciyar guguwar da suka kira Mangkhut ta tsayar da jirage a Guangzhou da Shenzhen da Hong Kong. A Afrilun 2024 ruwan sama ya cika filin jirgin Dubai, mutane suka yi kwanaki a ƙasa. Ka nemi ƙananan takardu, 'yan dala goma da ashirin, sababbi marasa yagewa. Wajen kwastan kuma kada ka yi wayo: fita daga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana, shiga Chaina da abin da ya haura dala 5,000 ma sai ka bayyana. Cike takardar ba ya cin ko sisi, ɓoyewar ce ke cinye jari.

Yanzu ga ɓangaren da yake sana'armu. Fawa bank ba ya shiga akwatin da za a auna, a hannu ake riƙe shi, saboda idan batirin ya kumbura ya kama wuta a sama gara ya kama inda ido ke gani. Ka ga yadda batir ke yi idan aka huda shi a kan tebur, sai ka ƙiyasta shi a cikin jirgi tsakanin kayan mutane. Iyakar ƙarfin batirin da aka yarda ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Lissafin ka san shi: mai 20,000mAh a kan 3.7V ya ba ka 74Wh, ya wuce lafiya. Mai 30,000mAh ya kai 111Wh, sai kamfanin jirgi ya amince, kuma a bakin na'urar bincike ba wanda zai tsaya sauraron bayaninka. Ɗauki mai 20,000 wanda rubutun jikinsa bai goge ba, don wanda ba a iya karanta ƙarfinsa karɓewa suke yi. Tun ƙarshen watan Yunin 2025 kuma Chaina ta hana shiga jiragen cikin gida da duk fawa bank da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Chaina, saboda haka ka duba naka. Wasu kamfanonin sun hana ma a yi caji da shi a cikin jirgi, ka cika wayarka tun a ƙasa. Ka riƙe igiyar caji biyu, kan caja ɗaya mai kyau, da adafta, don filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga yawancin soket ɗinsu. Da ƙaramar waya mai madannai wadda ke kwana uku ba caji, da layinka na gida a ciki.

Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin ɗaukar kayan aiki. Sukundireba, reza, almakashi, duk su tafi babban akwati ko su zauna a gida. Haka in za ka dawo, baturan da ka saro ba kayan fasinja ba ne, ka ba masu kago su san yadda za su turo su.

Magani. Farasitamol, maganin gudawa, ƙullin gishiri da sukari na ORS guda huɗu, filasta, da cikakken zubi ɗaya na maganin zazzaɓin cizon sauro wanda likita ya rubuta maka. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Sauron Kano zai iya cizonka daren tafiya, zazzaɓin ya tashi bayan ka yi kwana goma a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Chaina ta rabu da cutar tun 2021, don haka likitan da ka tarar ba lallai ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Idan jikinka ya yi zafi ka je asibiti, ka faɗa musu daga Najeriya kake, ka nemi a gwada jininka. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, kada ka juye ƙwayoyi a leda. Tramadol da duk abin da ke da kodin ko kusa da jakarka kada su zo, ko wa ya ce maka na ciwon baya ne.

A nan zan tsaya in yi maka maganar da ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Kada ka karɓi saƙon kowa. Ko tsohuwa ce ta haɗa ka da Allah, ko wanda kuka yi salla sahu ɗaya ne, ka ba shi haƙuri. Chaina tana yanke hukuncin kisa a kan fataucin ƙwaya, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta fitar da kowa. Ka tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar da ba tata ba aka liƙa wa sunanta, sai a Afrilun 2019 ta fito bayan an gano gaskiya. Don haka idan an auna kayanka, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna maka. Akwati ɗaya, takarda ɗaya. Ka ɗauki hoton akwatin a kan sikeli, ka adana takardar tare da fasfo. Ita ce kuma hujjarka idan akwatin bai iso ba: kafin ka fita daga zauren ɗaukar kaya ka je teburin kayan da suka ɓace, a cike maka takardar rahoto a ba ka lamba. Wanda ya fita ba ita ya wahalar da kansa.

Sutura kaɗan ce: kaya saiti ɗaya na canji, 'yan ciki biyu, safa, silifas, da rigar sanyi mara nauyi. Adis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyin darenta ba irin wanda ka sani ba ne, cikin jirgi ma sanyi ne. Buroshi ko asuwaki, ƙaramin sabulu, ƙaramin tawul. Duk abu mai ruwa, turare ne ko man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100.

Ka riƙe gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki. Bayan an gama bincike sai ka cika ta, ita ce ta sha. Ka ƙara wata ƙarama ta zama butarka, don bayin filin jirgi da na cikin jirgi takarda suka sani. Sallaya mai laushi wadda ke naɗewa ta shiga aljihun jaka. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka, ka tambayi malaminka yadda za ka yi da lokutan da za su riske ka a sama. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, kuma alƙibla a can yamma take, kada sabo ya juya ka gabas.

Guzuri kuwa dabino, soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli da biskit sun isa su riƙe ka yini guda, don abincin filin jirgi da dala ake sayensa. Na san Hajiya za ta ƙullo maka kilishi da dambun nama. Ka karɓa ka yi godiya, ka cinye su a Adis Ababa tare da abokan zama, saboda kwastan ɗin Chaina ba sa barin nama ya shiga, ɗanye ko dafaffe. Garin kuka da yaji da duk wani gari mara suna a jiki ka bar su, suna jawo tambayoyin da ba ka da bakin amsawa. In ka isa ba za ka rasa halal ba. Unguwar Xiaobei cike take da gidajen abincin Musulmi, kuma zan sa a buga maka alamar halal da rubutunsu a kan takardar adireshin, ka riƙa dubawa a ƙofar shago kafin ka zauna.

Ranar Alhamis ka zo da jakar a shirye. Za mu ɗora ta a sikeli, mu zazzage ta a kan tebur, in ga kowane abu da idona. Ka taho da fawa bank ɗin ma in gwada shi, da ƙaramar wayar, in canza mata batir kafin ka tafi.