Ana iya gane masara mai gubar fumfuna da ido?

Kana tambaya ko za ka iya gane masara mai guba da ido kafin ka ba kajinka. Gaskiya ido bai isa ba. Fumfuna mai kore-kore da warin rima alamu ne, amma hatsi kan fito tsaf alhali yana ɗauke da aflatoksin, wato gubar da fumfuna ke samarwa, kuma dafawa ba ta kawar da ita.

Gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. An fi yin kuskure wajen ɗibar samfur, domin gubar kan taru wuri guda. Ɗebo daga buhuna da yawa, sama da tsakiya da ƙasa, ka niƙa ka gauraya, sannan ka kai ɗakin gwaji.

Idan kajin sun rage ci ko ƙwai, dakatar da abincin ka nemi likitan dabbobi da wuri, don hanta gubar ke lalatawa.