Ba Sarki kaɗai ke yanke shawara ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a jami'a ana koya muku raba iko tsakanin Yamai da ƙananan hukumomi, kana tambaya ko a da Sarki shi kaɗai ke yanke komai a Damagaram. Ba haka ba ne.

Ko a zamanin Sarki Tanimun, da ganuwarsa da igwoginsa, ƙasashe irin su Mirriya da Dungas da Wacha suna da nasu sarakunan. Su kawo gaisuwa, in yaƙi ya tashi su ba da mutane, amma rikicin gona da na rijiya a gida ake kashe shi. Damagaram kanta ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. Iko hawa-hawa yake, kowa ya san iyakarsa.

Dubi sakin gonaki bayan kaka. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari, liman ya zo, arɗo ya zo, manoma su zauna. Wannan ya ce wakensa bai bushe ba, arɗo ya ce shanu sun matsu a burtali, ciyawa ta ƙare. A yi ta ja har a haɗu a kan rana guda. Mai gari na kirki shi ke magana a ƙarshe, abin da bakuna suka haɗu a kai shi yake faɗi, shi ya sa ake bi.

Sai dai kada ka ɗauka komai daidai ne. Mata ba sa zama a wannan tabarma, yaro kuma ba ya buɗe baki gaban manya. A nan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, da aka yi a kwamin 265, ya kawo alheri: mace ta zama kansila, ɗan talaka ya zama magajin gari, sarakuna kuma suna zama a majalisa su ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne an ba ƙananan hukumomin aiki, kuɗin kuwa mafi yawa ya tsaya a Yamai. Harajin kasuwa da na tasha ba zai kawo wa Zandar ruwa ba. Ga shi a 2024 an rushe majalisun, an naɗa masu riƙo.

In kun sami hutu bayan girbi ka zo, zan kai ka ƙauye ka zauna a bayan manya ka saurara. Ka gaida mahaifiyarka.