Shin a sake yi wa manya lambar agana?

Ka tambaya ko ya kamata wanda aka yi wa lambar agana yana yaro ya sake, don gudun kada 'yan ta'adda su saki ƙwayar cutar. A ganina bai kamata a yi wa kowa da kowa ba.

Fargabarka tana da tushe. Agana kan kashe kusan mutum 3 cikin 10 da ta kama, kuma ƙarfin rigakafin yakan fara raguwa bayan shekara 3 zuwa 5, ko da yake tsohuwar lamba tana rage haɗarin mutuwa. Amma tun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da cutar. A hukumance, ɗakunan bincike biyu kaɗai ke ajiye da ƙwayar, a Amurka da Rasha.

Abin da ke damuna shi ne illar tsohuwar allurar. Tana ɗauke da ƙwaya mai rai, tana iya cutar da mai ciki, mai ciwon fata irin na ekzima, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, har ma ƙwayar tana iya yaɗuwa ga mutanen gida. Da Amurka ta gwada a 2003, ma'aikatan lafiyar da suka karɓa ba su kai 40,000 ba, aka kuma ga kumburin zuciya a jikin wasu.

Allurar tana aiki ko an yi ta cikin kwana 3 da haɗuwa da mai cutar. Shi ya sa ƙasashe ke tanadinta, su fara da masu bincike da likitocin gaggawa. In kana cikinsu, tambayi likitanka game da sabuwar allurar agana mai suna Jynneos, wadda ƙwayarta ba ta hayayyafa a jiki.